Ana ta tambayar kuɗin mota a Facebook amma ba a saye: ina matsalar take?

Tambaya: "Assalamu alaikum Alhaji. Ɗanka ne daga Gombe. Muna da filin sayar da motoci a kan hanyar Bauchi, mahaifinmu ne ya kafa shi, yanzu kuma ni nake kula da shi. Wata takwas ke nan ina sa hotunan motocinmu a Facebook da WhatsApp. Mutane suna ta tambaya, 'Nawa?', 'Nawa ne gaskiya?', amma har yau mota biyu kacal na sayar ta wannan hanya, su ma ga mutanen da dama can sun san mu. Shin cinikin mota ta intanet yaudarar kai ce, ko kuwa ni ne ban iya ba? Kuma ko in fara biyan kuɗin talla?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah Ya yi wa kasuwa albarka, Ya saka wa mahaifinku da alheri. Idan na fahimce ka, abin da ke damunka shi ne masu tambaya sun yi yawa amma masu saye ba su ƙaru ba, kana kuma tunanin ko kuɗin talla zai cike wannan giɓi. Amsar tana cikin tambayarka: motoci biyun da ka sayar, waɗanda suka san ku ne suka saya. Wato hotonka yana kai wa ga mutane, abin da bai kai gare su ba shi ne yarda. Idan ka biya kuɗin talla a wannan hali, masu cewa "nawa" ne kawai za su ninka.

Lokacin da na shiga wannan sana'a a Bauchi, mai sayen mota ba ya zuwa shi kaɗai. Yakan zo da makanikensa da wani ɗan'uwa da ya san mota. Makanike ya buɗe bonet, ya zaro ma'aunin baƙin mai ya murza a yatsa, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ɗan'uwan ya bi jikin motar da tafin hannu yana neman inda aka yi ciko, sannan a zauna a kan benci a yi ta tayi ana cewa albarka har a kai ga sallamawa. Bayan wannan duka, mai saye ya san unguwarku, ya san masallacin da mahaifinka yake salla, ya san wanda zai kai wa ƙara idan aka cuce shi. Mutumin da ya ga hoton motarka a waya yana Jalingo ko Potiskum ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, ga shi kuma ya sha jin labarin waɗanda suka tura kuɗi aka kashe waya.

Tsoron nasa ya ƙaru ne saboda mota ta yi tsada fiye da da. A ranar 1 ga Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, abin da ya sauya harkar 'yan Kwatano da muka saba da ita, wato motocin da ake shigowa da su ta Kwatano a ƙasar Benin. A 2022 hukumar kwastam ta koma ƙiyasta kuɗin fito ta lambar shasi, wato lambar shaidar da kowace mota take fitowa da ita daga kamfani. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, farashin duk abin da ake shigo da shi da dala ya tashi. Sakamakon haka, wanda a da zai sayi 'yar waje yanzu yana neman wadda aka hau a gida, kuma kuɗin da zai miƙa maka sau da yawa tarin shekaru ne, ko kuɗin sallama daga aiki, ko amfanin gonar damina biyu. Irin wannan mutum ba zai tura kuɗinsa saboda hoto huɗu da aka ɗauka da tsakar rana ba.

Duk da haka kada ka karaya, domin wurin da kake zaune yana da fa'ida babba. Jihar Gombe ta yi iyaka da Bauchi da Yobe da Borno da Adamawa da Taraba, kuma daga garin Gombe hanya ta miƙe zuwa Biu, zuwa Numan da Yola ta Kaltungo, zuwa Potiskum ta Bajoga, zuwa Darazo ta Dukku. Mutumin Biu ko na Numan da zai iya zuwa ya ga mota ya koma gida a yini guda shi ne kasuwar da intanet za ta buɗe maka.

Ka zama idon mai saye

Aikinka na farko shi ne ka yi wa mai saye abin da makanikensa zai yi masa da yana nan. A wanke mota, a fitar da ita daga cikin 'yan'uwanta zuwa wuri mai sarari, a ɗauki hoto da hantsi ko bayan la'asar, saboda ranar tsaka tana ƙona launi tana ɓoye lotsawa. A lokacin hunturu sai an goge ta dab da ɗaukar hoton, domin ƙura ba ta jira. A ɗauki gaba da baya da gefe biyu da kusurwa huɗu, kujeru, rufin ciki, but, inji, ƙarƙashi, da tayoyi kusa-kusa. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 3521 na nufin mako na 35 a shekarar 2021. Mai saye da ya san wannan zai gane taya mai kyan gani da ta tsufa a ajiye, kai kuma idan ka nuna masa da kanka ka sami matsayi a wurinsa.

Bidiyo ya fi hoto tasiri, amma ba irin wanda ake ɗora wa kiɗa ba. Wanda yake sayen mota yana son ya ji ƙarar inji. Ka ɗauka da sassafe kafin a taɓa tayar da ita, ka ɗora hannunka a kan injin a gani cewa da sanyinsa, ka murza makulli rabi a ga fitilun gaban direba sun kama duka, har da fitilar gargaɗin inji, sannan ka tayar a ga sun mutu. Wannan yana da muhimmanci saboda akwai masu cire ƙwan fitilar gargaɗin don kada ta tona asiri, kuma masu saye sun fara ganewa. Daga nan ka zagaya baya ka nuna salansa: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alamar inji yana cin baƙin mai ne, fari mai kauri da ba ya yankewa kuma alamar ruwa yana shiga inda bai kamata ba. Ka kunna na'urar sanyaya, ka ɗaga gilasai ka sauke, ka fita titi a ji yadda giya take shiga. Kada ka yanke bidiyon ko sau ɗaya, domin duk inda aka yanke, nan zuciyar mai kallo take tsayawa. Idan za ka tura wa mutum hotuna ta WhatsApp, ka tura su a matsayin fayil ko ka zaɓi babban inganci, saboda manhajar tana matse hoto har tabon fenti ya ɓace.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, kuma na san shi ne mafi nauyi a zuciyar ɗan kasuwa: ka fara faɗin aibin motar kafin a tambaye ka. Akwai wata Corolla da ta daɗe a filina, an taɓa buge ta a ƙofar baya ta dama, mai gyaran bodi ya yi aiki mai kyau har sai wanda ya ƙware ne zai gane. Na sa yarona ya ɗauki bidiyo, na tsaya a gefen ƙofar na ƙwanƙwasa da yatsa a ji bambancin sautin wurin ciko da na ƙarfe, na buɗe ƙofar na ɗaga robar gefe na nuna inda sabon fenti ya tsaya. Yaron ya ce, "Baba, ai wannan korar masu saye ne." Bayan kwana uku wani malamin makaranta ya kira daga Azare. Abin da ya fara faɗa shi ne ya kalli motoci da yawa a waya, kowa yana cewa tasa ba ta da matsala ko ɗaya, ni kaɗai na nuna masa tabo, don haka ya yarda cewa sauran abin da na faɗa gaskiya ne. Ya zo da makanikensa, suka duba, ba su sami abin da ban faɗa ba, muka yi ciniki kafin azahar. Daga baya ya turo mini abokan aikinsa biyu.

Wannan ba dabarar kasuwa kaɗai ba ce. Hadisi ya tabbata cewa idan mai saye da mai sayarwa suka yi gaskiya suka bayyana, ana sanya albarka a cinikinsu, idan kuma suka ɓoye suka yi ƙarya, ana shafe albarkar. A harkarmu abubuwan da ake ɓoyewa sanannu ne: mitar da aka mayar baya, motar haɗari da aka sayo a gwanjon Amurka aka gyara, wadda ambaliya ta shanye, wadda aka cire mata abin nan na cikin salansa da makanikai ke kira indomi, da tsohuwar mota da aka sauya wa fitilu da bamba aka ce sabon yayi ce. Duk waɗannan yanzu ana iya gano su. Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce, kuma a motocin kasuwar Amurka na goma a jerin yana nuna shekarar motar: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A kuma 2010. Da wannan lamba mutum zai iya sayen rahoton tarihin motar a shafin intanet na Carfax, wani lokaci ma ya ga hotunanta na ranar da aka yi gwanjonta da gabanta a murƙushe. Saboda haka ka ba mai saye na gaske lambar shasi da hannunka. Ka kuma faɗa masa ko mitar mil take ƙirgawa ko kilomita, domin mil ɗaya kusan kilomita 1.6 ne, kuma da yawa ba su lura.

Farashi, da masu cewa "nawa"

Ka rubuta farashi a jikin kowane talla. Na san hujjar masu ƙin rubutawa: kada maƙwabci ya gani ya rage nasa, kada dala ta tashi gobe, kada a rasa damar yin ciniki. Amma duba abin da rashin rubutawar yake jawo maka. Mutum ɗari sun tambaya, ka ɓata yini kana amsawa, alhali mafi yawansu kuɗinsu bai kai rabi ba, wanda kuma yake da kuɗin yana zargin za ka faɗa masa farashi gwargwadon hoton da ke kan shafinsa. Ka sa farashi da kwanan wata, ka bar ɗan wurin ragi kamar yadda al'adarmu ta ciniki ta saba, amma kada ya zama ragin da zai nuna farashin farko wasa ne. Idan mota ta fita, ka rubuta an sayar a ranar. Barin tallar motar da babu ita don a jawo kira yana zubar da mutunci da sauri.

A rubutun talla ka bar kirari. Ka faɗi iri da shekara, da sunan da aka san ta da shi a kasuwa, misali Camry ta 2007 zuwa 2011 da ake kira Muscle, ko Honda Accord da ake kira EOD, domin da waɗannan sunaye mutane suke nema. Ka faɗi girman inji, ko silinda huɗu ce ko shida, tunda yanzu tambayar farko ita ce shan mai. Ka faɗi ko 'yar waje ce ko an hau a gida, hannu nawa ta bi, me aka gyara, me ya rage a gyara, da matsayin takardu. Ka rubuta da Hausa mai kyau, ka ƙara Turanci a ƙasa saboda masu saye daga kudancin Gombe da Adamawa da Taraba da suka fi sakewa da shi.

Idan mutum ya yi magana, a amsa masa da wuri, kuma a mayar masa da tambaya: a wane gari yake, aikin me zai yi da motar, nawa ya tanada, yaushe yake son saye. Mai neman Sharon ko Golf don jigila tsakanin Gombe da Bauchi ba abin da mai neman motar kai yara makaranta yake dubawa yake dubawa ba. Da waɗannan tambayoyi huɗu za ka rarrabe mai saye da mai kallo. Wanda ka ga da gaske yake, ka kira shi ta bidiyo, ka nuna masa fuskarka da allon filinku da titin da ke gabansa, ka bar shi ya ce a nuna masa duk inda yake so. Ka kuma ajiye littafi na sunayen masu nema da abin da suke nema, saboda wanda bai sami motar Vibe yau ba, idan ta shigo bayan mako uku kai za ka kira shi.

Akwai matsalar da za ka gamu da ita idan ba ka riga ka gamu ba: dillalai za su kwashi hotunanka su sa a shafukansu da farashi daban-daban, mai saye ya ga mota ɗaya da kuɗi uku ya tsorata. Ni ban hana dillali cin abincinsa ba, sana'a ce halattacciya kuma da su kasuwa take tafiya. Amma na zauna da waɗanda nake hulɗa da su muka yi magana: farashi ɗaya ne a ko'ina, la'adarsu kuma daga wurina take fita, an san adadinta tun kafin ciniki. Ka kuma sa sunan filinku a kan hotunan, ko a ɗauke su da allonku a baya, saboda 'yan damfara ma suna satar hoto su karɓi kuɗin mutane da shi.

Takardu da kuɗi

A nan ne cinikin nesa yake ƙullewa ko ya warware. Ka yi wa kasuwancin rajista a hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista, ka buɗe asusun banki da sunan kamfanin, kuma kada ka taɓa karɓar kuɗin mota ta asusun yaron shago ko na ƙanenka. Mai saye da ya ga sunan da ke kan allo shi ne a kan asusu shi ne a kan rasit, rabin tsoronsa ya tafi. Ka sani kuma dillalan motoci suna cikin waɗanda doka ta wajabta wa rajista da sashen SCUML na hukumar EFCC, mai sa ido kan halasta kuɗin haram, kuma dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ga mutum ɗaya, ko miliyan 10 ga kamfani, ba ta hanyar banki ba.

Takardun kwastam su ne ran motar da za ta yi tafiya mai nisa, domin jami'ai suna kan hanyoyinmu, kuma motar da aka kama bayan an sayar da ita sunanka take tafiya da shi. Ka tabbatar da ingancinsu a ofishin kwastam kafin ka sa motar a talla, ka duba lambar shasin da ke takarda ta dace da ta jikin gilashin gaba da ta gefen ƙofar direba. Idan motar gida ce aka kawo maka ka sayar, ka ga mai ita da idonka, ka karɓi shaidar mallaka da katin shaidarsa, a rubuta yarjejeniya da shaidu. Motar sata ta fi son hannun mai gaggawa.

Game da kafin alƙalami, ra'ayina shi ne kada ka nemi ko sisi daga wanda bai ga mota ba, shi ko wakilinsa. Neman kuɗi kafin gani shi ne tambarin 'yan damfara, kuma duk lokacin da ka yi haka ka shiga sahunsu a idon baƙo. Idan ya gani ya yarda yana son a ajiye masa, sai a rubuta adadin da ya bayar, kwana nawa za a jira, da abin da zai faru idan ya fasa. Kai ma ka kare kanka. Na taɓa kusa rasa mota a hannun wani da ya zo da shiga ta kamala ranar Juma'a da yamma, ya nuna mini saƙon banki a wayarsa, wayata ma ta yi ƙara da saƙo mai kama da na bankina, yana ta hanzari wai zai kama hanya kafin dare. Na ce ya yi haƙuri in buɗe manhajar banki in ga kuɗin a cikin asusu. Babu ko kwabo. Ya ce zai je ya yi magana da bankinsa, ban sake ganinsa ba. Tun daga ranar, makulli ba ya barin aljihuna sai na ga kuɗi a asusu da idona, ba a saƙon waya ba. Haka nan ka kunna matakin tsaro na biyu a WhatsApp da Facebook, kada kuma ka karanta wa kowa lambobi shida da aka turo maka, domin wanda ya ƙwace lambar kasuwancinka da sunanka zai karɓi kuɗin jama'a.

Idan za a kai wa mutum mota garinsu, a rubuta wanda zai biya direba da mai, da wanda asara take kansa idan wani abu ya faru a hanya. A ɗauki bidiyon jikinta da mitarta lokacin tashi, a yi tafiyar da rana, da direban da ka san gidansu.

Sai batun talla

Yanzu ne za mu zo ga tambayarka ta ƙarshe. Idan ka gyara abubuwan da suka gabata, to ka biya, amma kaɗan-kaɗan, kuma a kan mota guda mai cikakken bidiyo da farashi, ba a kan shafin gaba ɗaya ba. Facebook yana ba ka damar zaɓar garuruwan da za a nuna tallar, don haka ka tsaya kan Gombe da garuruwan da na ambata, ka bar Legas da Fatakwal waɗanda suke da motoci a ƙofar gida. Ka auna nasara da yawan waɗanda suka kira ko suka zo, ba da yawan masu danna alamar so ba. Jiji, shafin saye da sayarwa na intanet, yana da amfani saboda wanda ya shiga can da niyyar saye ya shiga. TikTok da Instagram suna sa a san fuskarka, ciniki kuma a WhatsApp yake ƙarewa, inda za ka iya jera motocinka da farashinsu a manhajar WhatsApp Business. Ka sa filinku a taswirar Google don baƙo ya iso ba tare da ya yi ta kira ba. A nawa lura, kasuwa ta fi motsi bayan kaka idan manoma da 'yan hatsi sun sami kuɗi, da kuma gabanin salla, don haka nan nake ajiye kuɗin tallata. Abin da nake roƙonka ka guje shi ne sa yara su riƙa rubuta yabo na ƙarya ko tayi na ƙarya a ƙarƙashin talla don a zuga mai saye. Wannan shi ne najashi da shari'a ta hana, sauya masa wuri daga kasuwa zuwa waya bai sauya hukuncinsa ba. Idan wanda ya saya ya ji daɗi, ka nemi izininsa ya faɗi haka da bakinsa.

Abin da na faɗa maka ya fito ne daga harkar ƙananan motoci na hannu, wadda ita na yi rayuwata a ciki. Cinikin tirela da tifa da sayar wa ma'aikatu tsarinsa daban ne, rubuta yarjejeniya kuma ka sa lauya ya tsara muku guda ɗaya da za ku riƙa amfani da ita. Ka kuma sa a ranka cewa mafi yawan masu saye a yankinmu sai sun zo sun taɓa motar kafin su biya, kuma suna da gaskiya. Wayar tana kawo mutum ƙofar filinka ne da rabin yarda, ragowar sai ya ga abin da ya gani a bidiyo shi ne a gabansa.

Gobe da sassafe ka zaɓi motar da ta fi daɗewa a filin, ka kira makanike ya duba ta a gabanka ya faɗa maka duk abin da ke damunta, ka ɗauki bidiyon da injin yana da sanyi, ka faɗi aibin da bakinka, ka sa farashi da kwanan wata. Ka yi wa mota biyar haka cikin wata guda ba tare da ka biya talla ba, kana rubuta kowane kira da garin da ya fito, sannan ka sake rubuto mini da abin da littafin ya nuna. Ka gaida mahaifinku da mutanen gida.